Mabuɗin Ɗakin Otal: Daga Tagulla Zuwa Katin Roba

Mabuɗin ɗakin otal yana cikin ƙananan kayan aikin da sana'ar saukar baƙi ta fi sauya wa kama a cikin shekaru 200 da suka wuce, kuma kowane sauyi da aka yi masa ya biyo bayan lissafin da masu otal suka yi ne tsakanin abin da za su kashe da abin da za su yi asara idan sun ƙi kashewa. Katin robar da ake miƙa wa baƙo a kanta a yau ya samu karɓuwa ne saboda dalili guda da ya rinjayi sauran, wato ɓatansa ba ya jawo wa otal wata asara ta a-zo-a-gani. Wannan araha ita ta warware matsalar tsaro da ta daɗe tana ci wa sana'ar tuwo a ƙwarya, kuma ita ce daga baya ta haifar da ƙorafin masu kula da muhalli, domin abin da aka ƙera da niyyar kada a damu da ɓatansa makomarsa juji ce. Saboda haka tarihin katin tarihi ne na yadda aka riƙa ɗauke asara daga wani wuri ana ajiye ta a wani, ba tare da an taɓa kawar da ita gaba ɗaya ba.

A masaukan matafiya na Turai na da, tsaron baƙo da kayansa yana wuyan mai masauki ne, kuma sau da yawa matafiyan da ba su san juna ba kan kwana a ɗaki ɗaya. Dokar Ingila ta tsananta wa masu masauki a kan wannan amana, har ma a wata shari'a da aka yanke a 1584, wadda masana doka ke kira shari'ar Calye, an tabbatar da cewa mai masauki ba zai kuɓuta daga biyan kayan da aka sace ba don kawai ya ba baƙo mabuɗin ɗaki shi kuma ya bar ƙofa a buɗe. Wannan ƙa'ida ta bi Turawan Ingila zuwa Amurka, kuma ita ce tushen abin da ya sa har gobe mai otal ke ɗaukar kubar ƙofa, wato makullin da ake kafewa a jikin ƙyaure, a matsayin kariya ga aljihunsa kafin ta zama kariya ga baƙonsa.

Otal ɗin Tremont House da aka buɗe a birnin Boston a 1829, mai ɗakuna 170, shi ake yawan ambata a matsayin na farko a Amurka da ya ba kowane baƙo ɗaki mai kuba da mabuɗinsa na kansa. Bayan haka da shekaru 30 da 'yan kai, Linus Yale ƙarami ya yi rajistar ƙirar kubarsa a 1861 da 1865, wadda ke aiki da jerin 'yan sanduna masu tsawo daban-daban da ke hana ta juyawa har sai haƙoran mabuɗin da ya dace sun ɗaga kowannensu daidai gwargwado. Wannan ƙira ta ba da damar yin mabuɗi ƙarami mai faɗi da inji ke iya yankawa da yawa, ta kuma sauƙaƙa tsarin babban mabuɗi, wato mabuɗi guda da ke buɗe dukkan ɗakunan hawa ɗaya ko na otal baki ɗaya, wanda masu shara da manaja ba su iya aiki sai da shi.

Aibin mabuɗin ƙarfe shi ne ba ya mantuwa da ƙofarsa. Baƙon da ya tafi da shi, ko da gangan ko da mantuwa, yana iya dawowa bayan wata shida ya buɗe ɗakin da wani ke kwance a ciki, kuma duk wanda ya riƙe shi na rabin yini yana iya kai shi wurin mai yanka mabuɗi a yi masa irinsa. Maganin da ya dace shi ne a sauya cikin kubar duk lokacin da mabuɗi ya ɓata, amma hakan na bukatar a kira gwani a biya shi, idan kuwa babban mabuɗi ne ya ɓata to kubobin hawa guda ko na gini duka ne za a sauya, don haka otal-otal da yawa sukan yanka sabon mabuɗi kawai su yi shiru. Masu otal sun yi dabaru iri-iri don rage ɓatan: a Turai an riƙa rataya wa mabuɗi wani dunƙulen tagulla mai nauyi da ba ya shiga aljihu cikin daɗi, domin baƙo ya ajiye shi a kanta duk lokacin da zai fita, a Amurka kuwa an riƙa buga suna da adireshin otal a jikin mariƙin tare da alkawarin cewa otal zai biya kuɗin gidan waya idan aka jefa mabuɗin a akwatin wasiƙu. Dabarar ta biyu ta dawo da mabuɗai da dama, sai dai ta kuma sanar da duk wanda ya tsinci mabuɗi sunan otal da lambar ɗakin da zai buɗe. Abin lura a nan shi ne, idan ta fuskar ɗorewa ake magana, wato iya amfani da abu tsawon lokaci ba tare da ɓarnatar da albarkatun ƙasa ba, babu wani mabuɗi da aka ƙirƙiro daga baya da ya kama ƙafar na tagulla, domin yakan yi shekaru gommai yana aiki, ba ya cin batir, kuma idan ya mutu ana narka shi a ƙera wani abu.

Abin da ya karya wannan tsari shari'a ce. A watan Nuwamba na 1974 wani mutum ya shiga ɗakin mawaƙiyar Amurka Connie Francis a wani masauki na kamfanin Howard Johnson's da ke Westbury a jihar New York, ya yi mata fyaɗe, ita kuwa ta kai ƙarar kamfanin bisa sakaci da tsaro, inda a 1976 kotu ta ba ta diyyar dala miliyan 2.5, ko da yake daga baya an sasanta a kan adadin da bai kai haka ba. Maharin ya shiga ne ta wata ƙofar gilashi mai zamewa wadda makullinta ba shi da ƙarfi, ba da sataccen mabuɗi ba, amma darasin da masu otal da kamfanonin inshora suka ɗauka ya wuce wannan ƙofa: daga wannan lokaci raunin makulli ya zama abin da za a iya biyan miliyoyin daloli a kansa, kuma shirun da ake yi idan mabuɗi ya ɓata ya tashi daga tsimi ya koma ganganci.

A garin Moss na ƙasar Norway, wani injiniya mai suna Tor Sørnes, wanda aka haifa a 1925 kuma yake aiki a wata masana'antar kubobi, ya fito da mafita a tsakiyar shekarun 1970, kuma ana ruwaito cewa labarin harin da aka kai wa mawaƙiyar ne ya zaburar da shi. Mabuɗinsa kati ne na roba mai gurabe 32, waɗanda kowannensu ana iya huda shi ko a bar shi a toshe, abin da ke ba da tsari daban-daban sama da biliyan 4, adadin da ya yi kusa da yawan mutanen duniya a wancan zamani. A cikin kubar akwai wani kati na biyu da ke riƙe da tsarin ƙofar, kuma sai hudojin katin baƙo sun dace da na wannan kati 'yan sandunan ciki ke jeruwa ƙofa ta buɗe. Idan baƙo ya tafi da katinsa, ma'aikaci kan je ya zare katin ciki ya saka sabo, aikin da ba ya ɗaukar minti ɗaya kuma ba ya bukatar gwani. An sa wa wannan kuba suna VingCard, kuma a ƙarshen shekarun 1970 aka kafa ta a otal ɗin Peachtree Plaza na birnin Atlanta, wanda a lokacin yana cikin otal-otal mafiya tsawo a duniya, mai ɗakuna sama da 1,000. A nan ne aka raba darajar mabuɗi da darajar kuba a karon farko: kubar ta zama jari mai tsada da ake saye sau ɗaya, mabuɗin kuma ya zama kayan masarufi kamar sabulu da takarda. Kubar Sørnes ta farko ba ta amfani da lantarki ko kaɗan, kuma wannan siffa ce da masu bayansa suka yar ba tare da sun tsaya sun auna abin da suka rasa ba.

Mataki na gaba ya zo ne daga harkar banki. Injiniyoyin kamfanin IBM, cikinsu har da Forrest Parry, sun gano a shekarun 1960 yadda za a liƙa zirin maganaɗisu irin na kaset a bayan katin roba domin ya riƙe bayanai, daga baya kuma aka tsayar da ma'auni guda na duniya ga irin wannan kati, wato tsawon milimita 85.6, faɗin kusan milimita 54 da kaurin milimita 0.76, nauyinsa kuma kimanin giram 5. Da yake masana'antu sun riga sun kafa injinan buga irin wannan kati da miliyoyi domin bankuna, otal-otal sun same shi a farashin da bai wuce 'yan kwabbai ba, kuma a cikin shekarun 1980 da 1990 kubar lantarki mai karanta maganaɗisu ta mamaye manyan otal-otal. Yadda take aiki kuwa shi ne, na'urar da ke kanta tana rubuta wa kati lambar sirri da ranar ƙarewar aikinsa, ita kuma kubar, wadda ba ta haɗe da wannan na'ura ta kowace waya, tana da tsarin da zai sa da zarar ta karanta sabon kati ta daina karɓar na baƙon da ya gabata. Ta haka aka huta da aika ma'aikaci ƙofa, aka kuma samu ƙarin amfani guda da lauyoyi suka fi kowa murna da shi, domin kubar tana ajiye tarihin katunan da suka buɗe ta da lokacin da suka buɗe, wanda hujja ce a gaban alƙali idan baƙo ya ce an yi masa sata. Farashin wannan sauƙi shi ne batir: kowace ƙofa ta zama mai cin ƙananan batura, galibi guda huɗu, da ake sauyawa kusan kowace shekara ko biyu.

Tsimi ya sake shigowa ta wajen zaɓen zirin maganaɗisun. Akwai mai ƙarfi, wanda bankuna ke amfani da shi saboda ana rubuta shi sau ɗaya ya yi shekaru, akwai kuma mai rauni, wanda ƙarfin riƙonsa bai fi kashi ɗaya cikin tara na wancan ba, amma ya fi araha kuma ya fi sauƙin gogewa a sake rubutawa. Otal-otal sun zaɓi mai raunin, shi ya sa katin da ya gogi maganaɗisun bakin jaka yakan mutu, baƙo ya sauko kanta cikin fushi a ba shi wani, wanda ya mutun kuma sau da yawa a jefa shi kwandon shara ko da za a iya sake rubuta shi. Araha ba ta ado, in ji masu iya magana, kuma wani kaso na katunan da aka zubar a wancan zamani wannan tsimi ne ya zubar da su.

Al'adar tafiya da kati ba daga baƙi kaɗai ta taso ba, otal-otal ne suka rene ta. Tsarin sallama cikin gaggawa, inda ake turo wa baƙo takardar kuɗinsa ta ƙarƙashin ƙofa ya fice ba tare da ya biya ta kanta ba, ya kawar da lokacin da a da ake karɓe mabuɗi, sannan a Amurka gidajen abinci da ke kusa da otal sun riƙa biyan kuɗin buga katunan domin a sa tallarsu a jiki, abin da ya sa katin ya zama kyauta ga otal, tafiya da shi kuma ta zama riba ga mai talla. A kan wannan sai wata jita-jita ta yaɗu ta saƙonnin imel tun daga 2003, cewa katunan na ɗauke da adireshin baƙo da lambar katin bankinsa, don haka ya kamata ya tafi da su gida ya daddatse. Mujallar Computerworld ta tara katuna 100 daga otal-otal daban-daban ta sa aka bincika, ba a samu irin waɗannan bayanai a cikinsu ba, amma gyaran labari ba ya tafiya da saurin da ƙarya ke tafiya, kuma har yanzu akwai matafiyan da ke lalata katin da niyyar kare kansu.

Robar da ake yin mafi yawan katunan ita ce wadda ake kira PVC, wadda fiye da rabin nauyinta, kimanin kashi 57 cikin 100, sinadarin kulorin ne da ake samu daga gishiri, sauran kuma daga man fetur ko iskar gas. Masu buga kati suna son ta saboda tana karɓar tawada da kyau, tana lanƙwasa ba ta karye ba, kuma ana iya manna ta falle-falle da zafi. Matsalolinta suna farko ne da ƙarshe. Iskar da ake haɗa ta da ita tana jawo sankarar hanta, abin da ya fito fili a 1974 lokacin da aka gano cutar a jikin ma'aikatan wata masana'antar kamfanin B.F. Goodrich a birnin Louisville na Amurka, kuma wannan ya sa aka tsananta dokokin kare ma'aikata. A ƙarshen rayuwarta kuwa ba ta ruɓewa, idan aka ƙone ta a fili tana fitar da hayaƙi mai guba, cikinsa har da sinadaran da ake kira dayoksin, sannan masu sake sarrafa roba ba sa maraba da ita domin kaɗan daga cikinta na iya ɓata tarin robar gorunan ruwa da ake narkawa. Ƙanƙantar katin ma cikas ce, domin yakan zube ta ramukan injinan tace shara, kuma a garuruwan da 'yan bola-jari ne ke tsince abin da ke da daraja, katin giram 5 ba shi da mai saye.

Daga shekarun 2000 zuwa gaba katin da ba a zura shi a rami ya fara maye gurbin na maganaɗisu. Wannan kati, da ake kira RFID, yana da ɗan guntun lantarki da siririyar eriya ta jan ƙarfe ko alminiyom da aka binne a tsakanin fallayen robar, kuma ba shi da batir, sai dai idan aka kusanta shi da kuba eriyar ta zuƙi ƙarfi daga igiyar rediyon da kubar ke fitarwa, guntun ya farka ya ba da amsa. Nau'in da ya fi yaɗuwa, mai suna MIFARE Classic, wani kamfanin ƙasar Ostiriya mai suna Mikron ne ya fito da shi a 1994 domin tikitin motocin haya, kafin Philips ya saye kamfanin. Ta fuskar shara wannan kati ya fi na da wuyar sha'ani, domin roba da ƙarfe da guntun lantarki ne a manne wuri ɗaya, amma ta fuskar ɗorewa ya fi shi nesa ba kusa ba, tun da ba ya gogewa, maganaɗisu ba ya kashe shi, kuma kubar ba ta da ramin da ƙura da danshi za su shiga. Ya kuma ninka na maganaɗisu tsada sau da dama, kuma wannan tsada ta yi aikin da wa'azin kare muhalli bai yi ba: otal-otal da a da ba su damu da dawowar kati ba suka fara ajiye akwatin tara katuna a bakin ƙofa, wasu kuma suka fara cajin wanda ya ɓatar.

Sai dai babban kuɗin yana jikin ƙofa ne, kuma abin da ke yanke wa kubar lantarki kwana yawanci tsufan sirrinta ne tun ƙarfenta bai gaji ba. A 2007 da 2008 masu bincike a Jamus da Holan sun warware tsarin ɓoye bayanai na MIFARE Classic, amma aka ci gaba da sayar da shi ga otal-otal saboda araharsa. A watan Yuli na 2012, a wani taron masana tsaron kwamfuta a Las Vegas, wani matashi mai suna Cody Brocious ya nuna yadda na'urar da bai kashe dala 50 wajen haɗa ta ba ke buɗe kubobin kamfanin Onity ta wata 'yar kafa da ke ƙasan kubar, alhali an ƙiyasta cewa irin wannan kuba na kan ƙofofi kimanin miliyan 4. Kamfanin ya ba da murfin toshe kafar kyauta, amma gyara na haƙiƙa ya bukaci sauya allon lantarkin kowace kuba, kuma taƙaddama ta tashi a kan wanda zai ɗauki nauyin aikin, yayin da aka fara samun rahoton sata da irin wannan na'ura a jihar Texas. A 2018 wasu masu bincike biyu na kamfanin F-Secure na ƙasar Finlan sun nuna cewa ana iya haɗa babban mabuɗi na wani tsohon tsarin VingCard daga kowane kati na otal ɗin, ko da wanda aikinsa ya ƙare ne, abin da ya nuna cewa katin da aka yar ma ba fanko ba ne. A watan Maris na 2024 kuma aka bayyana rauni a kubobin Saflok na kamfanin dormakaba, waɗanda ke kan ƙofofi kusan miliyan 3 a gine-gine 13,000 cikin ƙasashe 131, kuma gyaran ya haɗa da bin kowace ƙofa, da sauya katuna gaba ɗaya zuwa nau'i mafi tsaro, da sabunta na'urorin kanta, shi ya sa a lokacin da aka fitar da labarin kashi 36 cikin 100 kawai aka gyara. Duk otal ɗin da ya zaɓi kati mai araha a farko ya biya bambancin daga baya, har da riba, kuma kubar da ba a iya sabunta manhajarta a inda take takan koma sharar lantarki mai nauyin ɗaruruwan katuna.

Neman abin da zai maye gurbin PVC ya fara jan hankali ne a ƙarshen shekarun 2000. A 2008, lokacin babban taron jam'iyyar Democrat a birnin Denver, an raba wa baƙin otal-otal katunan itace domin nuna kishin muhalli, jaridu kuma suka ruwaito cewa wasunsu sun ƙi buɗe ƙofa har aka koma wa roba, domin ramin kubar maganaɗisu yana bukatar kauri da miƙewar da itace ba ya tabbata a kansu. Katin RFID ne ya ba itace da gora dama ta biyu, tun da ba a zura shi ko'ina, kuma a yau ana sayar da katunan itace masu hatimin FSC, wato ƙungiyar da aka kafa a 1993 domin tantance katakon da aka sare ta hanyar da ba ta cinye daji. Akwai kuma robar PLA da ake yi daga sitacin masara ko rake, da PVC da aka sake narkawa, da kati na takarda mai kauri domin baƙon kwana ɗaya. Manyan kamfanoni sun ba wannan kasuwa ƙarfi, musamman bayan kamfanin Accor na Faransa ya sanar a watan Janairu na 2020 cewa zai kawar da robar da ake amfani da ita sau ɗaya daga ɗakunan baƙinsa kafin ƙarshen 2022. Amma kowanne daga waɗannan yana da nasa sharaɗi da masu talla ba su cika faɗa ba. Robar masara ba ta ruɓewa sai a masana'antar taki mai zafin da ya kai kimanin digiri 60, wadda mafi yawan birane ba su da ita, katin itace kuma har yanzu yana ɗauke da guntun lantarki da eriya da gam a cikinsa, ga shi ya fi tsada, ga shi kyansa na sa baƙi su tafi da shi a matsayin tsaraba. Idan aka auna da adalci, katin roba da aka yi amfani da shi sau 100 ya fi katin itace da aka yi amfani da shi sau biyu sauƙi ga ƙasa, kuma yawan dawowar kati ya fi abin da aka yi shi da shi muhimmanci.

Mabuɗin wayar salula, wanda kamfanin Starwood ya fara a watan Nuwamba na 2014, Hilton kuma ya biyo baya a 2015, shi ne ya yi alkawarin kawar da katin gaba ɗaya, ta hanyar aika lambar sirri zuwa manhajar wayar baƙo, wayar kuma ta yi magana da kuba ta Bluetooth. Ga otal ɗin da kubobinsa suka tsufa wannan na nufin sauya su ko ƙara musu na'ura, tare da biyan kuɗin manhaja duk shekara, kuma ko bayan an yi haka ba a rabuwa da kati, domin waya na mutuwa, ma'aikata na bukatar nasu, kuma ba kowane baƙo ke son sauke manhaja saboda kwana biyu ba. Otal-otal na Makka da Madina, inda ake sauke alhazai uku ko huɗu a ɗaki ɗaya, da yawansu dattawa, misali ne na wuraren da kati zai daɗe yana aiki.

Akwai wani aiki na katin da ba a cika sa shi a wannan muhawara ba, alhali ya fi duk sauran nauyi a sikeli. A otal-otal da yawa na Turai da Asiya da Afirka akwai wani ɗan aljihu a bango kusa da ƙofa, wanda sai an saka kati a cikinsa fitilu da na'urar sanyaya ɗaki ke samun wuta, idan baƙo ya zare zai fita kuma su mutu bayan 'yan daƙiƙoƙi. Idan aka ƙaddara otal yana ɓatar da katuna 10,000 a shekara, robar da ya zubar kilo 50 ce, yayin da lita ɗaya ta man dizal ke fitar da kimanin kilo 2.7 na iskar da ke ɗumama duniya, kuma na'urorin sanyaya ɗaki da aka bari a kunne a ɗakunan da ba kowa suna iya shanye lita da dama a yini guda. Wannan lissafi ya fi ƙarfi a Nijeriya, inda otal ke dogaro da janareta wani sashe na kowace rana, inda kuma a watan Afrilu na 2024 aka ɗaga kuɗin wutar kwastomomin lantarki da ake kira rukunin A zuwa naira 225 a kan kowane yunit, sannan katuna da kubobi da kayan gyaransu duk daga waje ake shigo da su da dala, wadda ta yi tashin gwauron zabo tun bayan sakin naira a watan Yuni na 2023. Nau'in aljihun bango mai araha yana karɓar kowane kati, har da na kasuwanci ko guntun kwali, don haka baƙi kan cusa masa wani abu su fita su bar ɗaki yana sanyi, ma'aikatan kanta kuma kan ba da kati na biyu da wannan niyya, abin da ke ninka robar kuma ya kashe amfanin na'urar a lokaci guda. Nau'in da ke karanta guntun katin ya tabbatar na ɗakin ne ya fi tsada wajen saye, amma shi ne kaɗai ke rage abin da ake zuba wa janareta, kuma ga mai otal a Kano ko Yamai kuɗin da zai kashe a kansa ya fi kuɗin katin itace amfani.